Baba Tsatsa da Gonar da Ta Yi Kanta

Kafin mai shayin bakin hanya ya gama hura wuta, Baba Tsatsa ya riga ya iso. Tun daga kwana za ka ji kukan sarƙar kekensa, ƙiƙi-ƙiƙi, mutumin da ya gyara kayan noman rabin gari amma ya kasa ɗiga wa kekensa mai. Ya jingine keken a jikin bishiya, ya ɗage langa-langar bakin rumfa, ya zaro 'yar guduma daga aljihun gaba. Ba ya zama tukuna. Sai ya zagaya filin bayan rumfar, inda tsofaffin ƙarafunan noma suke kwance cikin ciyawa, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin ƙofa-ƙofa yana gaida maƙwabta. Wanda ya amsa da ƙara mai tsawo, ya wuce shi. Wanda ya amsa a shaƙe, sai ya durƙusa ya shafa shi, don ya san akwai tsaga a wani wuri. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan gaisuwa.

Sunan kuwa matarsa ce ta laƙaba masa. Duk ranar wanki ruwan baho ja yake komawa, ta yi ta mita tana matsa riga: "Ni dai ban auri mutum ba, tsatsa na aura." Maƙwabta suka ji ta kan katanga, suka ɗauka, ya bi shi. Yau in ka kira shi da sunan yanka, shi kansa sai ya waiwaya ya ga da wa ake.

A watan jiya ya miƙa makullin rumfar ga surukinsa Mai Walda, mijin 'yarsa ta biyu. Ido ya fara yana, hannu ya fara rawa. Ba a yi taro ba, ba a jera kujeru ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi. Ya miƙa makulli, ya ce, "Ka riƙa gaishe su da safe," shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da kaɗan ne daga abin da idon jama'a ya gani.

Mutanen yanzu, duk abin da tarakta ta jawo a bayanta garma suke ce masa. Wannan magana tana ƙona wa Baba rai fiye da zagi. In ka faɗe ta a gabansa, to ka nemi wurin zama, don ba za ka tafi da wuri ba. Zai ja ka wurin wani ƙarfe mai kunne ɗaya a lanƙwashe, ya ce wannan ita ce garma: bakinta ya yanki ƙasa ta ƙarƙashi, kunnen ya ɗaga ta ya kifar gefe guda, ciyawa ta koma ciki ta ruɓe ta zama abincin shuka. Ya nuna maka mai kunne biyu, ya ce wannan rija ce, ba ta kifar da komai, watsa ƙasa take hagu da dama ta tayar da kunya. Ya kai ka wurin masu faifai. In faifan manya ne, biyu ko uku, kowanne da ƙafarsa, a karkace, to garma ce, ta ƙasa mai tauri da saiwoyi. In ƙanana ne da yawa a jere a sanda guda, wasu da giɓi a baki, haro ne, shi kuwa ba ya nitso, farfasa dunƙulen ƙasar da garma ta tayar shi ne aikinsa. Akwai kuma mai haƙora kamar matajin kai, mai baje wuri ya yi sumul. Daga nan sai ya haɗe maka zancen da bakinsa: "Garma ta tashi ƙasa daga barci, haro ya wanke mata fuska, rija ta yi wa iri shimfiɗa. Kai kuma ka tsallake ta farko, kana ta wanke fuskar mai barci."

Kai ne, Baba, wanda ka ji ƙararrawar makarantar bayan kasuwa daga nesa, ka ajiye shayinka ka ce, "Wannan ba ƙararrawa ba ce, faifan garma ne, kuma lafiyarsa lau." Mai gadin makarantar yana nan da ransa, shi ya ba da labarin yadda ka zo da tsohon gargaren mota a bayan keke, kuka yi musaya. Yara suka ci gaba da jin ƙarar tashi, wata garma mai faifai uku da ta shekara bakwai da giɓi ta koma gona. Mai kunnen ƙarfe, wa zai ji abin da kake ji?

Amma in ana son a san ko wane ne mutumin nan, sai a tambayi Inna Mai Kaji.

Ita matar marigayi amininsa ce, wanda suka yi aiki tare tun suna samari a wata babbar gona da aka daɗe da rufewa. Mijin ya rasu ya bar mata gona guda a bayan gari. Da ita ta ciyar da 'ya'ya, da ita ta aurar. Sai ga shi shekara huɗu a jere gonar ta juya mata baya. In an yi ruwa, ya kwanta tsakanin kunyoyi har kwaɗi su tare, masara ta yi rawaya. In rana ta yi kwana biyar, ta yi yaushi kamar ba a taɓa ruwa ba. Taki kuwa an zuba har an gaji. Babban ɗanta, Tela, ba mugun ɗa ba ne, gajiya ya yi da ganin uwarsa tana zuba ƙarfinta a rami. Wani mai buga bulo ya nuna yana son filin, ya kafa injinsa. Tela ya ce kafin damina ta faɗi a sallama masa, a huta.

Wata safiya ta zo rumfar, da kaza a hammata, za ta kasuwa.

"Malam Tsatsa, barka da hantsi. Zuwa na yi ka raka ni in yi wa gonar abokinka ban kwana."

"Ban kwana? Ina za ta?"

"Ta mutu, in ji Tela. Ni ma na fara yarda. Wasu ma cewa suke an sa mata hannu."

"Uwar Tela, na ga ƙarfe ya mutu, na ga injin ya mutu. Gona kam, sai na gani da idona. Ki ce wa ɗan naki gobe ya rufe shago, ya ɗauko dagi."

Washegari suka je su uku. Tela da farar rigarsa mai guga, yana taka ƙasa kamar za ta cije shi. Baba ya karɓi dagin ya soka. Ya shiga taƙi ɗaya a sauƙaƙe, sai ya yi ƙum, ya tsaya. Ya matsa gaba ya sake sokawa. Ƙum. Wuri biyar, duk zurfi ɗaya. Ya je gefen gona inda busassun karan kuɓewar bara suke tsaye, ya tona ɗaya a hankali ya ɗago. Saiwar ta sauka kaɗan, sai ta lanƙwashe ta bi gefe kamar gwiwar hannu.

"Wa ke yi muku aiki?"

"Mai Tarakta," in ji Tela. "Kuma ba ma ƙwauro, Baba. Kowace shekara haro biyu ake yi mata."

"Garma fa?"

"Ai haron shi ne garmar."

Baba ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa. "Tun yaushe?"

"Tun bayan rasuwar babanmu. Shekara goma sha biyu."

"To gonar nan ba ta mutu ba. Kanta ta yi."

Tela ya yi dariya. "Kanta, Baba? To ai sai mu jera mata sabulu da ashana, Inna ta zauna tana ba da canji."

"Rufe mini baki, ɗan nema," in ji Inna, amma ita ma ta murmusa.

Baba bai yi fushi ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya miƙa wa Tela. "Taɓa nan. Ka ji? Irin wannan kantar nake nufi. Kai tela ne. In ka bi layi ɗaya da ɗinki sau ashirin, me zai faru?"

"Wurin zai yi tauri. Allura ma sai ta karye."

"To haka haro ya yi wa gonar ubanka. Shekara goma sha biyu yana tsayawa a zurfi ɗaya, tayar tarakta tana bi tana dannewa. Sama laushi, ƙasa daɓe. Ruwa ba ya wucewa, saiwa ba ta wucewa. In ɗinki ya yi haka, me kake yi?"

Tela ya dubi saiwar, ya ce, "Farkewa."

"Ashe dai ba guga kaɗai ka iya ba."

Abin farkewar shi ne matsala. Garma ba za ta kai zurfin ba. Baba ya ce akwai wani ƙarfe guda, dogo, mai ƙafa a lanƙwashe, su a da haƙori suke ce masa. Ba ya juya ƙasa, ba ya kifar da komai, nitsewa yake ya tsaga daɓen ta ƙarƙashi. Kuma sai ƙasa tana bushe ake sa shi, don ta fashe. In ta jiƙe, yanka kawai zai yi kamar wuƙa a sabulu, ta sake haɗewa. A tsohuwar babbar gonar akwai guda, amma tunda aka rufe ta bai sake ganin irinsa ba. Gajimare kuwa ya fara taruwa da yamma. Tela ya ce, don girman Baba, zai ja wa mai bulo rai kwana goma. Bayan haka ba shi da bakin magana.

Kwana takwas kekensa yana kuka a hanya. Ba ɗan gwangwan da bai je wurinsa ba, ba tulin ƙarfen da bai tona ba. Mai Walda ya ce, "Baba, ko in gwada haɗa mana da ƙarfen tsohuwar mota?" Suka gwada. Da aka soka shi a bayan rumfa aka ja, ya lanƙwashe kamar cokali. Matarsa ta ce, "Malam, ka dubi ƙafarka yadda ta kumbura. Gonar taka ce?" Ya ce, "Ta wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ce, ranar da garma ta faɗo mini a ƙafar nan." Ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Rana ta tara, da la'asar, ya nufi gidan Inna Mai Kaji don ya gaya mata ya kasa. Ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Ya riƙe kofin, yana neman ta inda zai fara. A kusurwa kuwa akwai wani jan bunsuru ɗaure, mai taurin kai, ya hango dusa yana ta fizgar igiya. Igiyar tana da zoben ƙarfe. Da ya fizga, zoben ya bugi turken.

Tannnn.

Baba ya ajiye kofin.

"Uwar Tela, wa ya buga wannan?"

"Wannan ɗan banzan bunsurun ne. Ƙyale shi, jibi zan kai shi kasuwa."

Ya miƙe, ya manta da kumburin ƙafa. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya durƙusa ya shafa turken. Ƙarfe ne mai faɗi, kansa a lanƙwashe kamar ƙugiya, da huda biyu, a ɗaya aka zura igiya. Ya zaro 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito tas, ta daɗe ba ta mutu ba.

"Ina kika samo turken nan?"

"Abokinka ne ya shigo da shi tun da daɗewa, ya jingine a bayan ɗaki, wai ajiya ce, wata rana za ta yi rana. Da ya rasu na ga ajiyar tana zaune ba aiki, gara kuma ta cinye mini turken itace har uku. Na sa aka kafa shi. Me ya faru? Malam Tsatsa, kuka kake ko dariya?"

Duka biyun yake. Da ƙyar ya iya cewa, "Baiwar Allah, a kife kika kafa shi. Wannan ƙugiyar ita ce ƙafar. Shekara goma sha biyu maganin gonarki yana riƙe da bunsuru!"

Inna ta dafa ƙirji ta zauna a kan turmi. Aka kira Tela daga shago, ya zo da tsinin allura a bakin riga, ya tuɓe rigar ya kama tono. Da aka zaro ƙarfen, ya kusa kai masa ƙugu. Bunsuru kuwa ya samu sake, ya afka wa dusa, ba wanda ya ko kalle shi.

Kwana ɗaya da wuni Mai Walda ya yi yana haɗa abin da za a ɗaura haƙorin a bayan tarakta, Baba yana zaune yana auna masa da igiya. Bakin haƙorin kuwa Baba ne ya sa shi a wuta da hannunsa, ya daka, ya tsoma a baƙin mai. Sai Mai Tarakta ya zo ya gani, ya ja da baya.

"Baba, ka yi haƙuri. In wannan abu ya kama dutse a ƙasa, bayan taraktata zai tsage. Da ita nake ci."

Baba ya ɗaga masa wani noti. "Ka ga wannan? Na laushi ne, da gangan na zaɓe shi. Shi zai riƙe haƙorin. In an ci karo, shi zai fara karyewa, taraktarka ba za ta ji komai ba. Ka sa giya ta ɗaya, ka tafi kamar mai rakiyar tsohuwa."

Ranar aikin mutane sun taru a bakin gona, har da mai bulo, yana tsaye can gefe da hannu a aljihu. Haƙori ya nitse. Tarakta ta yi gurnani, ta tsuguna, ta ja. Ba ƙura, ba ƙasa mai kifewa, ba abin kallo. Wani ya ce, "Wannan ai zane kawai yake." Baba ya ce, "Ku yi shiru ku saurara." Sai aka ji shi, can ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshiyar ƙwarya. Ƙasar tana ɗagowa kaɗan a gefen haƙorin tana komawa, kamar mai numfashi. A layi na shida aka ji tau! Haƙori ya wuntsila baya, tarakta ta zabura gaba.

"Shi ke nan," in ji Tela, ya dafe kai. Mai bulo ya cire hannu daga aljihu.

Baba ya taka a hankali, ya duba. Tsohon kututture ne a binne. Ya sa hannu a aljihun da yake ajiye guduma, ya fito da noti na biyu. "Guda biyar na zo da su," ya ce wa Tela. "Ko kana da sauri?" Kafin la'asar an gama gonar, uku suka rage.

Sauran ya bi da su daki-daki. Aka jira ruwan farko ya jiƙa sama, aka sa garma ta kifar. Haro sau ɗaya, sama-sama. Sannan rija. Mai Tarakta da bakinsa ya ce shekara goma sha biyar yana tuƙi, sai a makon nan ya san abin da yake ja.

Da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, irin wanda a da yake mai da gonar tafki, Inna ba ta jira an gama ɗigowa ba. Ta yafa mayafi ta fita, Tela yana bin ta da lema. Suka iske kunyoyi a tsaye, ƙasa baƙa wuluk, ba ko tafin ruwa a kwance. Tela ya karyi sanda ya soka. Ta wuce taƙi ɗaya, ta wuce biyu, ta yi ta tafiya har hannunsa ya taɓa taɓo. Ya daɗe a durƙushe da farar rigarsa. Da ya miƙe, ya miƙa wa uwarsa lemar, ya nufi wurin mai bulo a ƙafa, cikin yayyafi, ya ba shi haƙuri.

Da kaka Inna ta zo rumfar. Ba masara ta fara nunawa ba, ko da yake ta samu har ta rarraba wa dangi. Karan kuɓewa ta kawo, da saiwarsa miƙe sambal, ta fi kamu ɗaya. Baba ya rataye ta a jikin ginshiƙi, kusa da lanƙwasasshiyar nan ta bara. Suna nan har gobe, duk mai so ya je ya gani. Ta kuma ajiye masa zakara, ya ce ba zai karɓa ba, ta ce, "Ba naka ba ne, na mai wankin tsatsa ne. Kai kuwa turke nake bin ka. Tunda ka tuge mini nawa, awaki sun hana ni sakat." Ya ba ta wani tsohon ƙarfe, bayan ya ƙwanƙwasa shi sau uku ya tabbatar ba maganin kowa ba ne.

Kai ne, Baba, ka san sunan kowane ƙarfe da aikinsa a lokacin da kowa yake ganin tulin shara. Kai ne ka hana a kira gajiyayyar ƙasa matacciya. Haƙorin nan yanzu ya shiga gona ta fi talatin, masu su da yawa ba su san ta hannun wa ya fito ba, kai kuma ba ka taɓa tsayar da kowa ka gaya masa ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya bar maka kunnenka, ya saka wa mai wankin nan da ta yi haƙuri da jan ruwa shekara arba'in da uku.

Ku kuma, masu tarakta da masu gona da 'ya'yan masu gona, mutumin nan ya ajiye makulli ne, bai ajiye kai ba. Kullum da hantsi yana gindin bishiyar nan, kekensa a jingine. Ku je ku zauna, ku tambaya, ku koya, ku ma ku koyar. Kafin ku ce gona ta mutu, ku ɗauki dagi. Kafin ku ɗora tsohon ƙarfen gidanku a sikelin ɗan gwangwan, ku kai masa ya ƙwanƙwasa. In kuwa ƙafa ba ta kai ku can ba, to ku dai leƙa tsakar gida, ku duba da kyau abin da akuyarku take ɗaure a jikinsa.